Daga Manchesta zuwa Samaru: kayan gem da za a sayo a nan, da waɗanda gara a saya a gida

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yaran gida.

Jerin kayanka ya iso: PS5 (na'urar gem ta PlayStation 5) guda biyu na shagon gem da kake shirin buɗewa a Samaru, talabijin 4K mai inci 65, katin girafik (wanda ke zana hoton gem a allo) na kwamfutarka, da "SSD mafi girma da za a samu". Na duba shagunan nan, farashi da sharuɗɗa. Na tsawaita amsar ne da gangan, don ka nuna wa abokanka na Sabon Gari da Tudun Wada, tunda su ma tambayar da suke yi ke nan.

Kayan da ake sayarwa a Ingila an ƙera su ne bisa zaton abu huɗu: wuta ba ta ɗaukewa, ɗaki da sanyi, intanet da gudu, sannan akwai shagon da zai karɓi kayansa idan ya lalace. Babu ɗaya cikin huɗun nan da yake shiga akwatin matafiyi. Kwali da na'ura kaɗai ke isowa Zariya.

A nan idan ka sayi abu ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ya shigo hannunka ka ce ka fasa, ko da lafiyarsa ƙalau. Idan da aibu ya zo, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a biya ka kuɗinka cif. Cikin wata 6 na farko kuma, mai shago ne zai kawo hujjar cewa ba da matsalar ya sayar maka ba. Shagon John Lewis na ba da garantin shekara 5 a kan talabijin. Har kayan hannu: shagon CeX, mai rassa a kusan kowane gari, yana raba su daraja A da B da C, ya ba da garanti a rubuce. A wajenmu ka san yadda ake yi: a jona maka a shago, ka ga ya kawo wuta, da ka fita sai dai mutuncin da ke tsakaninka da mai kaya. Sai dai kada ka ɗauka nan ta fi ta ko'ina. Aikin hannu a nan tsada gare shi. Kafar HDMI (inda ake soka wayar talabijin) ta PS da mai gyara a PZ ta Zariya zai canza maka kana zaune, a nan kuɗin aikinta kan sa mutum ya haƙura da na'urar gaba ɗaya.

Garantin nan ba ya aiki sai kayan sun dawo shagon, kuma babu mai ɗauko PS daga Samaru ya kawo Manchesta. To amfaninsa ɗaya ne a gare mu: a sayi kaya aƙalla wata guda kafin mai tafiya ya tashi, a gasa su da aiki a nan, wanda zai nuna hali ya nuna tun ana iya mayar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka cire lissafin da wasu ke yi cewa za a dawo da haraji a filin jirgi. Farashin da aka rubuta ya haɗa da VAT na kashi 20 cikin 100, kuma tun 1 ga Janairun 2021 aka daina mayar wa matafiya shi a Ingila.

Ta wajen wuta mun yi sa'a da Ingila. Bolt 230 ne kamar namu, filogin ma mai ƙafa uku ne irin na soket ɗinmu. Amurka ce mai bolt 120. PS5 da Xbox suna karɓar daga 100 zuwa 240, don haka ko daga ina aka sayo su ba damuwa, amma talabijin da yawa na Amurka 120 kaɗai suke ɗauka. Wanda ɗan'uwansa zai aiko masa daga can, ya sa a karanta rubutun da ke bayan talabijin ɗin tukuna.

SSD, wato ma'ajiyar da ake zuba gem a ciki, shi ne abin da na fi yarda a sayo a nan. Ba shi da nauyi, yana shiga aljihu, kuma shi ne jabu ya fi yi wa yawa. PS5 ta farko, ta Nuwamban 2020, an rubuta mata GB 825, amma abin da zai rage maka ka zuba gem 667 ne. Siririyar da ta fito a 2023 tana da TB 1, Pro ta 2024 TB 2. Gem ɗaya na yaƙi kan wuce GB 100, ka ga wajen guda biyar ko shida ta cika. Akwai gurbin ƙari a cikinta, amma yana da sharuɗɗa. Sai SSD nau'in M.2 NVMe, na PCIe 4.0, daga GB 250 zuwa TB 8. Sony ta ba da shawarar gudun karatu na MB 5,500 a daƙiƙa ko sama. Dole ya zama da ƙarfen sanyaya, kuma kaurinsa duka da ƙarfen kada ya wuce milimita 11.25, faɗinsa kada ya wuce 25, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba. Ga inda mutane ke faɗawa rami: akwai M.2 na SATA, tsayinsu ɗaya, kamarsu ɗaya, ya fi araha, PS5 ba ta karɓar sa sam. Yawanci za ka gane shi da tsagi biyu a bakinsa, na NVMe tsagi ɗaya. Waɗanda suka cika sharuɗɗan sun haɗa da WD Black SN850X, Samsung 990 Pro, Crucial T500 da Lexar NM790, dukansu sun haura 7,000. Bambancin da ke tsakaninsu ba za ka ji shi a gem ba, don haka wanda aka yi wa ragi a makon shi zan ɗauka.

Sa shi ba ya buƙatar mai gyara. Ka kashe PS ɗin gaba ɗaya, ba ka sa ta barci ba, ka zare duk wayoyi, ka bari ta huce. Ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga don wutar da ke taruwa a jiki ta fita, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Ka cire murfin gefe, ka kwance sukurun da ke kan gurbin da ƙaramin sukudireba mai baki huɗu. A ciki akwai wani sukuru da ɗan zobe a ƙarƙashinsa. Ka mayar da zoben ramin da aka rubuta 80, tunda kusan duk na kasuwa girman 2280 ne. Ka zura SSD a karkace har ya shige, ka kwantar da shi a kan zoben, ka ɗaure. Wanda ya manta zoben zai lanƙwasa allon SSD ɗin da ya ɗaure sukuru, daga baya a ce kaya ne ba kyau. Da ka kunna za ta nemi ta goge shi ta tsara shi, ta nuna maka gudun da ta auna.

Faifan ajiya na waje, mai shiga ta USB, wani zance ne. Gem ɗin PS4 suna tashi daga kansa kai tsaye. Na PS5 kuwa ajiye su kawai za ka yi, sai ka kwafo su ciki kafin a buga. Duk da haka a Zariya yana da amfanin da ba shi da shi a nan, don kwafowa ta fi sake saukewa sauƙi nesa ba kusa ba. Ga lissafi: gem mai GB 100 a layi mai megabit 10 awa 22 zai ci, in layin bai yanke ba, ban da kuɗin data. A layin gidajen nan mai megabit 500 bai kai rabin awa ba. Shi ya sa mutanen nan suke goge gem su sake saukewa ba tare da tunani ba, kai kuwa kada ka goge komai, ka tura shi faifan waje. Faifan HDD, wato tsohon samfurin faifan ajiya, mai TB 2 ko 4 ya isa wannan aikin, amma ka tuna akwai abin da ke juyawa a cikinsa. In ya faɗo daga benci yana aiki, ka yi masa ta'aziyya.

Idan aka kawo maka SSD na waje an rubuta TB 16 a kuɗin buhun masara, ƙarya ne. Ƙaramin katin memori ne a ciki, aka koya masa ya faɗa wa kwamfuta girman da ba shi da shi. Zai yi ta karɓar kaya yana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar buɗewa ka tarar babu komai. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta, ta faɗi girmansa na gaskiya. Na hannu kuma, CrystalDiskInfo za ta nuna awowin da ya yi yana aiki da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa. SSD mai kyau na TB 1, irin su SN850X, an yi masa alƙawarin rubutu na TB 600, sai ka gwada da abin da ya riga ya ci. Amma idan ka ga TB 1 ya nuna GB 931 a Windows, wannan ba cuta ba ce, bambancin ƙidaya ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Mai Xbox Series kuma ya sani ba ta karɓar M.2 na kasuwa, sai katinta na musamman na Seagate ko WD, mai tsada.

Katin girafik shi ne inda ido ke yaudarar mutum. A nan ana zaɓa ne da tambayar wanne ya fi gudu. Kai tambayarka ita ce wat nawa yake sha, don kowane wat sai ka saye shi sau biyu: a batir ko fetur, sannan a zafin da zai zuba maka a ɗaki. RTX 5090 wat 575 yake ja shi kaɗai, kamfaninsa Nvidia ya ce a ba shi akwatin wuta (wanda ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta) mai wat 1,000. RTX 4090 wat 450. Waɗannan ba na ɗakin da fanka ce kaɗai ke juyawa a watan Afrilu ba ne. Ka dubi na ƙasa: RTX 4060 wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 5060 wat 145, RTX 3060 wat 170. Dukansu suna tafiyar da gem na zamani a 1080p, wato matakin hoton da ke ƙasa da 4K. Ra'ayina, idan kuɗi sun kai, RX 9060 XT ko RTX 5060 Ti mai memori GB 16, don GB 8 ya fara yi wa sababbin gem kaɗan da zarar ka haura 1080p. Alamarsa ita ce hoto ya riƙa tsayawa yana fizga, ko bango da rigunan 'yan wasa su fito dishi-dishi kafin su washe. Ka kula, waɗannan biyun kowanne yana da mai GB 8 da mai GB 16 a suna ɗaya, sai an karanta kwali. Arc B580 na Intel mai GB 12 yana da araha, amma yana son kwamfutar da ke da abin da ake kira Resizable BAR. A tsohuwar kwamfuta gudunsa zubewa yake yi.

Ba ka faɗa mini wace kwamfuta ce za a sa wa katin ba, kuma komai a kanta ya rataya. Idan irin siraran Dell ko HP ɗin nan ne na ofis da suka cika kasuwa, akwatin wutarsu yawanci bai kai wat 300 ba, ba shi da wayar katin girafik, cikinsu kuma ba ya ɗaukar kati mai faɗi. Gurbin da ake soka kati wat 75 kaɗai yake bayarwa. Waya mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Don haka irin wannan kwamfuta sai gajeren kati da ba ya neman waya, kamar RTX 3050 mai GB 6, ko RX 6400, ko GTX 1650. Za a nuna maka wata 'yar waya da ke mayar da ta SATA ta zama mai fil 8. Kada ka karɓa. Bakin SATA wat hamsin da 'yan kai aka yi shi ya ɗauka, kai kuma za ka ja 150 ta cikinsa. Robar narkewa take yi, wani lokaci har da wuta. Akwatin wuta ma gara a sayo shi a nan, na kamfanin da aka sani kamar Corsair ko Seasonic, mai wat 550 zuwa 650, wanda aka rubuta masa bolt 100 zuwa 240. Wannan faɗin yana taimakawa ranar da wuta ta zo da rauni. Akwai masu araha a nan da 200 zuwa 240 kaɗai suke ɗauka, su ba namu ba ne.

Game da na hannu: a Satumban 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, har tamu. RX 580 ya fi yawa a cikinsu. Ba duka ne matattu ba, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka biya, a sa maka shi a kwamfuta ka buɗe manhajar GPU-Z. RX 580 na ainihi zai nuna 2304 a layin Shaders. In ka ga 2048, ƙarfin RX 570 ke nan da sunan yayansa. Katin da aka ce GTX 1050 Ti ne ko 1060 amma yana da shuɗiyar kafar VGA, ka yi shakkarsa, sau da yawa tsohon GTS 450 ne aka sauya wa suna. Sannan a kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wani gem mai nauyi na minti 20. Kana neman abu uku: ɗige-ɗige ko zane-zane masu launi a allo, wanda ke nuna memori ya gaji, fanka mai gurnani ko wadda sai an tura ta da yatsa, da zafin da ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa. Mai kayan da ya ce ba lokaci, ka bar masa kayansa.

Talabijin ita ce ba zan sayo ba, kuma ina roƙonka ka janye inci 65 ɗin nan. Gilashinta siriri ne, kago daga nan sai ta bi ta hannu da yawa kafin Legas, kafin ta hau mota zuwa Zariya, ga kwastan. Tsagewa ɗaya, kuɗin sabon gilashi ya kusa na sabuwar talabijin. Manhajojin da ke cikin ta nan, irin su BBC iPlayer, ba sa aiki a Najeriya. LG da Samsung da Hisense duk suna da dillalai na hukuma a gida, garantinsu kuma yana aiki inda kake. Ka saya a Kaduna ko Kano da rasit, a ɗauko ta a tsaye, kada a kwantar da ita a bayan mota.

4K na nufin ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wajen miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p. Ga katin girafik wannan aiki ne ninki huɗu, shi ya sa katunan da na lissafa maka ba na 4K ba ne sai da dabarar DLSS ko FSR, inda ake zana hoton a ƙarami a buɗa shi. Ga ido kuwa nisa ne ke hukunci. Mai zaune mita 3 daga inci 43 da wuya ya bambance 4K da 1080p. A shago, inda masu bugawa ke zama mita ɗaya da rabi zuwa biyu, inci 43 ko 50 ya wadatar, kuma a wannan girman kusan duk na kasuwa 4K ne ko ba ka nema ba. Wadda za ka guje wa ita ce inci 32 mai rubutun HD Ready, don 1366 da 768 ce kawai. 8K kuwa ko a nan babu abin kallo a kanta.

Abin da ya fi ɗigo muhimmanci shi ne jinkiri, wato tsakanin danna maɓalli da ganin ɗan wasa ya buga ƙwallo. Talabijin tana ɓata lokaci wajen gyara hoto. A Game Mode masu kyau kan sauko wajen kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, ba tare da shi ba wasu kan kusa 100. Yaron da ya ce hannun gem ɗinka ya lalace, sau da yawa wannan ne. Ka kunna Game Mode a kowace kafar HDMI da PS ke ciki, don yawancinsu kowace kafa da nata saitin. Batun 120Hz kuma: hoto 120 a daƙiƙa a 4K sai da HDMI 2.1 da waya mai tambarin Ultra High Speed, irin wadda ke zuwa a kwalin PS5. HDMI 2.0 a 60 take tsayawa. Talabijin da yawa biyu ne kawai cikin kafofinsu huɗu ke da cikakken 2.1, kuma sai ka buɗe shi da kanka: a Samsung sunansa Input Signal Plus, a LG kuma HDMI Deep Colour. Rubutu irin Motion Rate 120 a kwali talla ne, gilashin 60 ne. Gaskiyar tana cikin PS5, a Video Output Information. Amma ka tambayi kanka me za a buga. Abokan cinikinka ƙwallo za su buga, FC ɗin da har yau muke kira FIFA duk da an sauya sunan a 2023, da eFootball, kuma a 60 suke tafiya. Kuɗin 120Hz a shago asara ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Talabijin mai gilashin OLED ta fi kowace kyau, ba musu, sai dai ba ta shago ba ce. Allon maki da agogon wasa suna zama wuri ɗaya awa goma kullum, a hankali sai su bar tabo da ba ya gogewa. Tsakanin na LED kuma, gilashin IPS ya fi dacewa da wurin da 'yan kallo ke zaune a gefe, VA ya fi baƙi mai kyau amma launinsa kan koɗe daga gefe. HDR, saitin ƙara haske da launi, a talabijin mai araha duhu kawai yake ƙara wa hoto, don ba ta da hasken da zai ɗauke shi, ka kashe shi a PS. Ranar saye ka tafi da filashi mai hotuna shida: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, toka. Mataccen ɗigo zai fito a ɗayansu. Tokan shi ne mai nuna dabbare-dabbaren da ke bayyana a kan ciyawa idan kyamara ta bi ƙwallo.

Wuta ce za ta ci kuɗin da ka rage daga talabijin. PS5 tana shan wajen wat 200 a gem mai nauyi, talabijin ka ƙaddara 100. Tebur ɗaya 300, biyu 600, ban da fanka da ƙwai. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe da 2,400Wh a takarda. In na ruwa ne rabi kawai za ka ci idan kana son ya yi shekaru, inbata ma ta ci nata, sai ya rage wajen 1,000. Awa 3 da 'yan mintuna ke nan ga tebur ɗaya, ƙasa da awa 2 ga biyu. Da wannan za ka auna batir da sola. Inbata ko UPS (akwatin batir mai riƙe na'ura in an ɗauke wuta) ya zama mai rubutun pure sine wave, don akwatunan wuta na zamani kan yi ƙara ko su mutu a kan ɗaya nau'in daidai lokacin sauyawa. Ƙaramin UPS mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, batirinsa 7Ah, aikinsa ya ba ka mintuna ka kashe na'ura, ba a ƙarasa wasa ba. Kada ka jona PS kai tsaye a ƙaramin janareton nan mai haɗa fetur da baƙin mai, wutarsa hawa da sauka take. Duk waɗannan a gida za ka saya, nauyinsu ya fi ƙarfin jirgi.

A nan PS5 kwana take a barci tana sauke sabuntawa. A wajenka ka kashe ta ɗungurungum kowane dare, don ɗaukewar wuta tana cikin rubutu na lalata bayanai. In hakan ta faru, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, ka jona hannu da wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge gem. Da damina, hadari na haɗuwa ka zare filogi da wayar dish, don tsawa kan bi ta dikoda ta shiga talabijin ta HDMI. Ka sa mai wayarin ya tabbatar shagon yana da wayar ƙasa ta gaske, kuma kada a riƙa soka HDMI ana zarewa na'ura na kunne.

Sony ta rubuta cewa PS5 tana aiki ne tsakanin digiri 5 da 35. Zariya a Maris da Afrilu tana wuce haka, balle shago mai rufin kwano. Kada ka kulle ta a akwatin katako don tsoron ɓarayi. Keji na ƙarfe mai raga za ka sa a yi, da tazarar santimita 10 ta kowane gefe, a ɗaga shi daga ƙasa aƙalla tsayin gwiwa. Da hunturu duk mako biyu ka cire murfin ka zuƙe ƙura ta ramukan da aka tanada. In da bulowa za ka hura, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi gudun da zai lalata ta. Abu ɗaya kuma ka gaya wa duk mai gyaran da zai buɗe ta: ruwan ƙarfe ne a kan ƙwaƙwalwarta, ba farin man da aka saba shafa wa PS4 ba. In ya goge ya sa man, zafi zai riƙa kashe ta. In ruwan ya zuba a allo, ya gama da ita.

PS5 masu faifai zan sayo, ba Digital marar wurin faifai ba. Faifan gem ba shi da shingen ƙasa, ana aro, ana sayarwa, kuma ba ya cin data kamar saukewa. Pro ɗin, fam 699.99 ta fito kuma ba ta da wurin faifai, ba ta shago ba ce. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, ƙasar da aka zaɓa kuma ba ta canzuwa, katin kuɗi da ƙarin kayan gem dole su dace da ita. Tunda faifan na nan ne, asusun Ingila za a buɗe, kowace na'ura da nata. Za a sauke duk sabuntawa a nan, a kunna Console Sharing and Offline Play don gem su tashi ba intanet. Wurin faifan siririyar ma yana neman intanet sau ɗaya ranar farko, shi ma za a gama da shi a nan.

Hannun gem ka ƙaddara huɗu ga kowace na'ura, biyu na aiki biyu na caji. Na PS4 ba ya buga gem ɗin PS5. Ƙura da gumi ke shiga ƙarƙashin sandar su sa ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai, kuma masu gyaran gida suna canza ta.

Wajen tafiya, siririyar PS5 mai faifai kilo 3.2 ce, biyu za su shiga akwati mai kilo 23 a tsakiyar tufafi. Katin girafik da SSD da HDD a jakar hannu, katin a cikin ledarsa ta asali, ba a bar shi soke a kwamfuta ba, don girgiza na karya gurbin. Rasit zai biyo su saboda kwastan.

Kafin Juma'a ka turo mini hoton takardar da ke manne a jikin akwatin wutar kwamfutarka, sunan madabod ɗinta, wato babban allon cikinta, da tsawon filin da ke ciki daga baya zuwa gaba a santimita. Ka auna wutar shagon da mita sau uku, safe da rana da bayan magariba, ka rubuto lambobin. Ragin Black Friday a ƙarshen Nuwamba yake, in mai tafiyar ka ce sai bayan tsakiyar Disamba zai tashi, za a samu makonnin gwaji.

A gaida Hajiya.

Yayanka.